Kunne a Falo: Wa Ke da Ikon Jin Muryar Mutanen Gida?

Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa da daddare a Gusau, ba a zare sakata sai an tambaya wane ne. Amsar da aka fi ji ita ce "ni ne". In ka duba da kyau, amsar ba ta ɗauke da komai, domin kowa "ni" ne a wurin kansa, har ɓarawo. Duk da haka ana buɗewa, saboda muryar ake saurara. Uwa takan gane ɗanta ko da tari ya yi. Matar da ke tsakar gida takan bambance sallamar mijinta da ta ƙaninsa tun suna zaure, ta san ko za ta jawo mayafi ko za ta ci gaba da tankaɗenta.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsayawa a kan wannan magana. Suka ce, makaho zai iya ba da shaida gaban alƙali a kan maganar da ya ji, alhali bai ga mai maganar ba? Malikawa suka ce zai iya, matuƙar ya tabbatar da muryar. Cikin hujjojin da ake kawowa har da cewa sahabbai sun karɓi hadisi daga matan Annabi (SAW) ta bayan labule, kuma mutanen Madina suna bambance kiran sallar Bilal da na Ibn Ummi Maktum cikin duhun asuba. Hanafawa suka ce a'a, murya takan yi kama da murya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Yau wannan tsohon saɓani ya koma cikin wata 'yar na'ura da ba ta fi gwangwanin madara girma ba, wadda ake ajiyewa a falo.

Kamfanin Amazon ya fito da Echo a 2014, mai amsa sunan Alexa, Google kuma ya biyo baya da Google Home a 2016. Lasifika ce mai makirufo. Kana kiran sunanta ta amsa, ta kunna maka karatu ko labarai, ta faɗi lokaci, ta kira wani a waya, ta kashe fitila, a wasu ƙasashen har sayayya take yi. Da farko duk wanda ya yi magana ɗaya ne a wurinta. A 2017 kamfanonin biyu suka koya mata bambance muryoyi, don idan uba ya ce a karanta masa saƙonninsa kada ta karanta na 'yarsa. Ba kowane gida ne ke da ita a Tudun Wada ko Sabon Gari ba, balle a Tsafe ko Bungudu. Wuta da data sun isa su hana. Amma takan zo a matsayin tsaraba daga ɗa mai aiki a Abuja ko Dubai, kuma ƙanwarta tana nan tuni cikin Tecno da Infinix da ke yawo daga hannun maigida zuwa na uwargida zuwa na yara. A Oktoban 2024 Google ya sanar da sanya Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da su ta murya. Katangar da ta tsare mu a da, wato na'ura ba ta jin harshenmu, ta fara zubewa. Gara a yi maganar tun yanzu.

Aikina rubuta manhaja ne, don haka bari in faɗi yadda ganewar take ba tare da ado ba. Lokacin saiti za a ce ka maimaita wasu 'yan jimloli. Manhajar tana auna kaurin muryarka da yadda iska ke bi ta maƙogwaro da hanci da baki, ta matse wannan duka ya zama jerin lambobi. Wannan shi ne tambarin muryarka. Duk sanda wani ya yi magana, sai ta fitar da sabon jeri ta gwada da waɗanda ta ajiye: wanne ya fi kusa, kuma kusancin ya kai iyakar da aka gindaya? Iyakar nan mutum ne ya sa ta. In ya tsananta, na'urar za ta ƙi maigida ranar da hunturu ya shaƙe masa murya. In ya sassauta, za ta karɓi ƙaninsa a madadinsa. Babu inda za a ajiye iyakar kurakuran biyu su ɓace tare. A Mayun 2017 wani ɗan jaridar BBC, Dan Simmons, ya sa tagwayensa ya kwaikwayi muryarsa a layin bankin HSBC na Ingila. Sau bakwai ana ƙinsa, a na takwas ya shiga asusun. Hanafawa ba su yi ƙarya ba.

To amma kuskuren na'ura shi ne ƙaramin abin damuwa a wurina. Injiniyoyi za su ci gaba da rage shi. Abin da ba za su gyara mana ba yana cikin shafin saiti, wurin da aka ce "ƙara mutanen gida".

Wanda ya tsara wannan shafi yana da irin gidan da yake gani a ransa. Google Home tana karɓar murya shida ne, haka ma HomePod ta kamfanin Apple. Ana sa ran kowane babba yana da wayarsa da asusunsa da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani. Yanzu ɗauki gidan gandu a Bungudu: maigida da mata biyu, 'ya'ya goma sha, tsohuwa a ɗakinta, ƙane da amaryarsa a sashen baya, ɗan riƙo, almajirin da ke ɗebo ruwa ya karɓi tuwo. Su wa za a zaɓa cikin shida? Alexa har yau ba ta jin Hausa, don haka waɗanda suka yi boko ne za su shiga, tsohuwar da ta haifi mai gidan kuma ta zama baƙuwa a falon ɗanta. Har sunan da ake nema ma magana ce. Na'urar tana son ta ce "barka da safiya, wane" da ainihin suna, a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗan fari, mata ba ta kama na miji, suruka kuwa sai dai ta ce "Baba". Alkunya ba ta da gurbi a cikin fom. Wannan abin dariya ne kaɗan, na sani, amma yana nuna cewa kayan ba a kanmu aka auna su ba.

Babban abin shi ne wannan. Na'ura ɗaya, asusu ɗaya ne ke kanta, na wanda ya yi saitin farko. A manhajar Alexa akwai shafin tarihin murya. Mai asusun yana iya buɗewa daga shago ko daga Kaduna, ya ga abin da aka ce wa na'urar da ƙarfe nawa aka faɗa, ya danna ya ji muryar da kunnensa. Kafin a koya mata gane muryoyi, tarihin tarin magana ne kawai. Bayan an koya mata, tana iya liƙa suna a jikin kowace magana. Amarya ta tambayi alamomin shigar ciki da azahar. Saurayin gida ya tambayi kuɗin mota zuwa Legas. Budurwa ta sa an maimaita waƙa ɗaya sau tara. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, kuma babu wanda ya yi niyyar faɗa wa maigida.

Kuma ba shi kaɗai ke ji ba. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin cewa kunnen waya ba a cikin waya yake ba. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka daɗe bayan haka. A waɗancan makonni duk wata na'ura mai jin magana ta zama kusan kurma, domin abin da take yi a ɗaki kaɗan ne: tana jiran sunanta, da ta ji, ko ta zaci ta ji, sai ta tura sautin zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. "Ta zaci ta ji" ɗin nan shi ne ƙofar. A 2018, a birnin Portland na Amurka, Echo ta ɗauki hirar mata da miji a cikin gidansu ta aika wa wani ma'aikacin mijin, saboda ta jera kuskuren ji har ya zama umarni. A 2019 jaridar Bloomberg ta bayyana cewa Amazon yana da dubban ma'aikata da ke sauraron wani ɓangare na sautukan don gyara manhajar. A 2023 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 a Amurka kan riƙe muryoyin yara bayan iyaye sun nemi a goge. A Maris ɗin 2025 kuma ya cire zaɓin da wasu na'urorinsa ke da shi na hana tura sautin waje. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A da in ta fita sai dai a tuna da ita, mai tunawar ma ya manta ko ya yafe. Yanzu tana da wurin kwana.

Na san amsar da maigida zai bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce: da kuɗina na saya, a gidana take, ni ake tambaya in wani abu ya lalace. Yaro yana hira da wanda ban sani ba, ni ne zan fara shiga uku. A garin da ake zargin maƙwabci da kai rahoto daji, ka ce kada in san abin da ke gudana a ƙarƙashin rufina? Duk uban da ke zaune a Tsafe yana da haƙƙin a saurari wannan magana da girmamawa. Kula da gida nauyi ne na gaske, mai kula kuwa dole ya ga wani abu.

Amma kuɗinsa roba da waya ya saya. Muryar matarsa ba ta cikin kwalin. Kuma tarbiyyar da muka tashi a ciki ba ta taɓa cewa mallakar gida ita ce mallakar duk abin da ake faɗa a cikinsa ba. Ka duba ginin kansa. Zaure yana tsayar da baƙo, shigifa tana karya ido, kowace mata da ɗakinta da labulenta, kuma mai gidan da ya sayi bulo da kwano shi ma yakan yi sallama ko gyaran murya kafin ya shigo. Me ya sa mutum zai yi sallama a gidansa? Domin ya ba na ciki damar su shirya abin da zai gani da abin da zai ji. A Suratun Nur an kafa lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha'i. Ma'ana akwai sirri a tsakanin mutanen gida ɗaya, ba tsakanin gida da titi kaɗai ba. A Suratul Hujurat kuma an hana bin diddigin asirin mutane, ba a ce ban da iyalinka ba. Mutumin da ya laɓe bayan taga yana sauraron matansa, ko a ƙauye an san sunan abin da ya yi, kuma ba a yaba masa. Buɗe shafin tarihi a waya laɓe ne da ba ya buƙatar tsayuwa a rana. Sauƙinsa bai canza sunansa ba.

Wani zai ce, to a tambaye su mana, in sun yarda shike nan. Nan ne nake ganin maganar ta fi zurfi. Kamfanoni suna son kalmar "na amince", domin da an danna ta sun wanke hannu. Amma amincewa tana da daraja ne gwargwadon yadda mai yin ta zai iya cewa a'a ya kwana lafiya. Amaryar wata uku da miji ya miƙo wa waya ya ce "maimaita abin da ta ce", za ta iya ƙi? In ta ƙi, tambayar da za ta biyo baya ita ce me take ɓoyewa. In uwargida ta yi rajista amarya ta ƙi, ƙin ya zama hujja a bakin kishiya. Ɗan riƙo ba ya musu da mai ciyar da shi. A irin wannan gida "eh" ba ta tabbatar da komai sai cewa an tambaya. Saboda haka nauyin ba ya sauka daga kan mai ƙarfi don ya tambaya. Shi ne zai ɗaure hannunsa da kansa, ya rufe ƙofar leƙen tun kafin zargi ya zo masa da daddare, domin ranar da zargi ya zo ba zai iya riƙe yatsansa ba. Ni ban yarda da mutumin da ya ce "tarihin yana nan amma ba na dubawa" ba, ko da mutumin kirki ne. Kuma ko bai taɓa dubawa ba, sanin cewa zai iya ya isa ya canza yadda ake magana a falon. Mutane za su fara tauna magana a ɗakin da ya kamata su sake.

Batun yara daban ne, kuma ba zan yi kamar ɗaya ne da na manya ba. Uba yana da ikon sanin abin da ɗan shekara takwas ke tambayar na'ura. Sharaɗin da nake gani shi ne yaron ya san ana gani, kuma igiyar ta riƙa tsawo yadda yake girma. Abin da ke lalata tarbiyya shi ne yaro ya gano da kansa, yana ɗan sha shida, cewa shekara uku ana sauraronsa a ɓoye. Daga ranar ya koyi abu ɗaya: ya koma wayar aboki.

Akwai wani juyi da ya kamata a faɗa don adalci. A tsarin Google, wanda na'urar ta gane, abin da ya tambaya yana tafiya asusunsa ne. Wanda ba ta gane ba, nasa yakan faɗa asusun mai saiti. Wato rajistar murya tana iya zama labule ga mace, matuƙar asusun nata ne da gaske. Sai dai a gidaje da yawa miji ne ya buɗe mata asusun, ko ɗanta, ko yaron shagon caji, kuma lambar sirrin tana wurinsu. Don haka ba zan ce rajista sharri ce ko alheri ba. Tambayar ita ce wa ke riƙe da mabuɗi bayan an gama.

A wata ƙasa duk wannan zai iya tsayawa a kan jin kunya da ɓacin rai. A nan yana iya kaiwa ga rai. Ranar da maigida zai bi hanyar Funtua ta Tsafe, buhu nawa aka sayar, wace 'ya ce ta dawo hutu, waɗannan su ne labaran da ake saye, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wayar da asusun ke kanta tana iya ɓata a kasuwa, tana iya kwana wurin mai gyara, tana iya shiga daji tare da mai ita. Duk abin da aka tara a tarihin gida ya bi ta. Abin da ba a ajiye ba ne kawai ba a iya ƙwacewa.

Sannan ga murya ita kanta. Iyalan da aka ɗauke wa mutum, tun daga iyayen 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 zuwa na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kwashe a Sabon Gida a Satumban 2023, da dubban da ba a buga sunansu a jarida ba, sun san darajar jin murya. A cinikin fansa, kafin a sayar da gona akan ce a ba shi waya mu ji. Wannan ita ce shaidar Malikawa a mafi zafin siffarta: ban gan shi ba, amma na tabbata shi ne. Yanzu wannan tabbaci ma yana rawa. Tun 2019 aka ruwaito yadda aka kwaikwayi muryar wani shugaban kamfani da manhaja, aka sa manajansa a Ingila ya tura yuro 220,000. A farkon 2023 masu bincike a Microsoft suka nuna manhajar da ke kwaikwayon murya daga sautin daƙiƙa uku. Mu kuwa al'umma ce ta saƙon murya. Wanda bai iya rubutun boko ba ma yana da ɗaruruwa a WhatsApp. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya sa murya kaɗai ta zama mabuɗin kuɗi ko na ƙofa, kuma ya dace kowane gida ya samu wata tambaya da ba a taɓa faɗin amsarta a waya ba.

Doka fa? Najeriya ta samu Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, wadda ta sa bayanan jiki da ake gane mutum da su cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Amma dokar ta ware abin da mutum ya yi don harkar kansa ko ta gidansa, in dai bai keta haƙƙin sirrin wani ba. A aikace tana iya kama kamfani, da wuya ta wuce zaure. Ba na jin akwai matar da za ta kai mijinta hukuma a Abuja don ya buɗe shafin tarihi. Abin da ya rage shi ne mutuncin mai saiti, wanda sau da yawa ma ba maigidan ba ne, irina ne: ɗan gidan da aka ce "ya san kwamfuta".

Idan aka kira ni in haɗa irin wannan na'ura, ba na yi a keɓe da mai gida. Nakan ce a kira waɗanda za su zauna da ita, in buɗe shafin tarihin a gabansu, in yi magana in danna su ji muryata ta dawo. Fuskoki sukan canza a wannan lokacin, kuma gara su canza a gabana. Daga nan in kashe ajiyar sauti, ko in sa ya riƙa gogewa da kansa, in kashe sayayya da kiran waya ta murya, in nuna wa kowa maɓallin da ke kashe makirufo da launin da fitilar ke yi in ya mutu. Wanda yake son rajista ya yi da wayarsa, ya sa lambar sirrinsa ina kallon wani wuri. Wanda ba ya so ba na tambayarsa dalili. Ba na sa ta a ɗakin kwana ko an roƙe ni. Wani maigidan yakan ɓata rai ya ce na rage wa kayan amfani. Gaskiya ne na rage.

Waɗanda saitin bai tanadar wa komai ba su ne masu shigowa su fita: yarinya mai aiki, mai kitso, 'yar tallar fura, maƙwabciyar da ta zo da kukan abin da mijinta ya yi mata, ta zauna a kan kujerar da ke kusa da talabijin don ta san nan ne ba a jiyowa daga waje. Google yana da yanayin baƙo, wanda in an kunna ba ya ajiye abin da aka faɗa a asusu, amma sai an ce masa ya kunna, kuma da harshen da yake ji. Maƙwabciyar ba ta san akwai shi ba, ba ta ma san gwangwanin da ke kan tebur yana da kunne ba. Sai dai matar gidan ta miƙa hannu ta danna maɓallin tun baƙuwar tana cire takalmi, in an nuna mata inda yake.